Ƙafar Innarki

Ɗiyata Rabi,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Ingila? Ya maigidanki da yara? Mu nan Zurmi sai godiya.

Gyambon innarki ya sake buɗewa. A asibiti aka ce nas ɗin da ke wankewa ita ma ta tafi Saudiyya. Yanzu ni nake wankewa, yadda kika nuna mini a waya.

A masallaci barka ake yi mini, wai ɗiyata na jinyar Turawa. Ni na yi faɗa da dangi don ki yi karatun nan. Yau ban san me na yi ba.

Ki sa innarki a addu'a, ki gaishe da jikokina. Ki tuna mini: ruwan gishirin ake fara sawa, ko maganin?

Babanki