Takardun Hutun da Aka Hana Ki, Yaya Rabi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Rabi.

Bayan gaisuwa, ina sanar da ke cewa har yau a unguwarmu Kusfa ana mamakin abin da ya kayar da ke. Wai aikin jami'a zaman inuwa ne, ofis da fanka. Ko Inna sai da ta tambaye ni, "To ita Rabi me take ɗauka mai nauyi?"

Na gaya mata. Darussan mutum uku kike koyarwa, domin biyu sun tafi ba a maye gurbinsu ba. Ke ce jami'ar jarrabawa, ke ce mai share hawayen ɗalibai, ga taron da ake kira babu sanarwa.

Ina tuna ki ranar Sallah a tsakar gida, lalle a hannu, jan biro a yatsa, kina duba takardun ɗalibai. Kika ce, "Bari in gama wannan ɗaurin, Hauwa." Har tuwon ya huce.

Sau uku kika nemi hutu da takardar likita. Sau uku Shugaban Sashe ya rubuta a gefe: a bari sai bayan jarrabawa. Hawan jini bai jira ba.

Ranar sadakar uku Shugaban ya zo, ya shafa fatiha, ya sa aka kira ni zaure. Na zaci ta'aziyya ce. Ashe makullin kabad ɗinki yake so, wai sakamako ya makara. Na ba shi. A jakarki da na ciro makullin na tarar da takardun nan uku, da rubutun hannunsa.

Yanzu shugabancin tsangaya yake nema, ranar Alhamis mu malaman tsangayar za mu jefa ƙuri'a. Ofis-ofis nake bi. Ba zagi, ba ƙari. In ajiye takardun a tebur, in jira a karanta. Ƙananan malamai kuma ina ce musu su gwada cewa a'a sau ɗaya, su ga ko rufin zai faɗo.

Jiya ya tare ni da fara'a: "Malama Hauwa, ina fata muna tare?" Na miƙa masa nasa kwafin.

Fayil ɗin ƙarin girmana a teburinsa yake, na sani. Na kuma san za ki ce in yafe. Ke kika iya wannan, Yayata, ni ban koya ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya ba ki hutun da babu mai sa hannu ya hana. Shi kuwa, Allah Ya isa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Hauwa.