Zane Biyu a Gefen Sunana

Inna Zuhura, don Allah ki taimake ni, murna na neman jefa ni rami!

An zaɓe mu! Ƙungiyar teyatur, wato wasan kwaikwayo, ta lisenmu, babbar sakandaren garinmu, ce za ta wakilci Dakoro a gasar makarantu a Maradi, saura sati uku, kuma ni ce tsohuwar da ke hana kowa ɗiban ruwa a rijiya sai ya gaishe ta. Ni fa, ƴar Mai Yara, wadda ko tambaya aka yi mata a aji sai muryarta ta yi rawa! Ranar da muka yi wasan a filin makaranta, da na ɗaura zanen kakata na duƙa bisa sanda, wallahi ban san inda bakin nan ya fito ba. Har sirbeyan ɗinmu mai kula da ladabin ɗalibai, mutumin da ba mu taɓa ganin haƙoransa ba, sai da ya dafa bango don dariya. Yanzu ko kasuwa na shiga sai in ji ana cewa ga Tsohuwar Rijiya nan. Maradi kuwa sau ɗaya na taɓa zuwa, shi ma rakiyar mara lafiya.

To ga inda abin ya ɓaci. Ina terminal D, ajin ƙarshe, bak ce a gabana bana, jarrabawar gama sakandare. Mu huɗu ke karatu tare a zauren gidan su ƙawata Raliya, inda muka shafa baƙin fenti a bango ya zama tablo. Kowa da darasin da yake yi wa sauran bayani: ni ke riƙe da lissafi, Raliya fizik, Hamid da Amiru suka raba sauran. Tun farkon shekara muka kafa doka, kuma abin haushi ni ce na kawo ta da bakina. Sunayenmu na rubuce a kusurwar tablo. Wanda ya yi fashi a ja mashi zane da alli, in zane ya kai uku a goge sunan a ba wani wurin. Masu jira kuwa suna nan. Inna, zane biyu ne a gefen sunana, duka biyun teyatur ya ja mani.

Takardar fizik da aka maido mana jiya takwas na samu bisa ashirin, ni da ban taɓa sauka ƙasa da sha biyu ba. Na naɗe ta na cusa ƙasan akwati don kada gwaggona da nake zaune wurinta ta gani.

Sai ga Asabar mai zuwa. Mushe Badaru, malamin Faransanci da ke koya mana wasan, ya sa babban gwaji da kaya da komai, ƙarfe huɗu. Ya tambaye ni gaban kowa, na ce to. Ya za a yi in kalli malami in ce a'a? Ina fitowa Raliya ta tare ni, ta tuna mani Asabar ƙarfe huɗu ni ke bisa tablo, ita ma na ce to. Har na yi tunanin in ce zazzaɓi ya kama ni, amma gidan su Raliya na bayan filin gwajin ne, muryar tsohuwar nan kuwa har tasha ana jin ta.

Ba na son barin teyatur, ban taɓa jin daɗin kaina haka ba. In kuma aka goge sunana ban san wa zai fahimtar da ni fizik ba. Mi zan yi?

Tsohuwar Rijiya, Dakoro

Ɗiyata,

Barka da arziki! Na karanta wasiƙarki ina dariya ni kaɗai. Baiwa ce Allah Ya ba ki, kuma yarinyar da ta koyi tsayawa gaban jama'a ta samu abin da ba a koyarwa bisa tablo. Ba zan ce ki bar wasan ba.

Amma su Raliya na da gaskiya. Fashinki bai tsaya kanki ke kaɗai ba: duk ranar da ba ki zo ba, mutum uku sun tashi babu lissafi. Kuma takwas ɗin nan ba ta ƙaruwa a ƙasan akwati.

Kuskurenki ɗaya ne, kin ce to sau biyu don kunya. Kunya ado ce, amma wannan karon za ta sa ki ƙarya. Batun zazzaɓi ki bar shi tun yanzu.

Gobe da safe ki ɗauki takardar fizik ki sami Mushe Badaru shi kaɗai, ba gaban ƴan wasa ba. Ki nuna mashi, ki gaya mashi dokar zane uku. Malami ne kafin ya zama mai teyatur, ya san ranar bak fiye da ke. Ki roƙi a fara da ɓangarenki tun ƙarfe biyu, ko a matsa gwajin zuwa Lahadi, sannan a rage maki gwaji zuwa sau biyu a sati. Ba ya son rasa tsohuwarsa ana saura sati uku, zai nemo hanya.

Daga nan ki je wurin abokan karatunki, ba da uzuri ba, da shiri. Ki faɗa masu ranakun Maradi tun yau, ki yi masu darasin satin kafin ki tafi. Kada ki nemi a sassauta maki dokar da ke kika kawo. Gwaggonki ma ki nuna mata takardar da hannunki.

In kuma malam ya ƙi, to Asabar ta tablo ce. Gwaji ɗaya ana rama shi, shekara ba a rama ta cikin sauƙi.

Ki tafi Maradi ki ba su dariya har su gaji. Allah Ya ba ku nasara, Ya kai ku lafiya Ya maido ku lafiya. Ranar da za a tsaya kiran waɗanda suka ci bak, ina son ku huɗun ku ji sunayenku.

Inna Zuhura