Wa Zai Tsaya wa Amarya?

Zuwa ga jikata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Amarya, ya karatu? Ni dai ga ni nan, ƙafafu sun ƙi, kunne ya bi sahunsu, shi ya sa na haƙura da waya na koma ga biro.

Mahaifiyarki ta gaya mini an ƙara kuɗin jami'a, ɗinkin hularta kuma ba zai ɗauka ba. A zamaninmu hukuma ce ke yi mana komai, har sabulu da bargo. Ki je ofis ki ce a ba ki tallafi, ba abin kunya ba ne. Yaushe hutu? Gidan ya yi shiru da yawa.

Ki huta lafiya.
Kakanki

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa da ban girma, ya ƙarfin jiki? Tsoho, zamanin bargo ya wuce! Na je ofishin. Tallafin ƙwazo na waɗanda suka fi kowa maki ne, ni kuwa kaɗan ya hana ni. Na marasa hali an rufe shi tun kafin in ji labari. Akwai bashin karatu, amma sai wani ya tsaya mini a banki. Sai kuma aiki a ɗakin karatu, jera littattafai, su biya kuɗin makaranta. Matsalarsa, ba hutu. Lokacin da kowa ya tafi gida ne ma aikin ya fi yawa.

Bashin nake so, don in riƙa zuwa gida.

Allah ya ƙara lafiya.
Amaryarka

Zuwa ga jikata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Na je bankin. Na sa rigata ta kirki, na hau matakala ina hutawa, na zauna a benci har bayana ya ƙage. Wata yarinya mai ladabi ta kira ni Baba, ta kawo mini ruwa, ta duba shekarar haihuwata. Ta ce sai mai albashi, kuma wanda bai yi ritaya ba. Na ce mata ban taɓa cin bashin kowa ba. Ta ce ta yarda. Ba ta ce bashin zai fi ni tsawon rai ba, amma haka na ji.

Na biya wajen kawunki. Ya ce ya riga ya tsaya wa ɗansa, ba a tsayawa sau biyu. Na gaji, Amarya. Ki karɓi aikin littattafan.

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki

Zuwa ga Kaka,

Ina gaisuwa. Wa ya aike ka hawa matakala da waɗannan ƙafafun? Na yi kuka da na karanta. Mama tana nesa, Kawu kuma sai an yi mutuwa ake ganinsa. In ban zo ba, wa zai kai ka asibiti, wa zai yanke maka farce? Na yanke shawara: zan ajiye karatun shekara guda in dawo wajenka. Jami'a ba guduwa za ta yi ba. Kada ka yi mini gardama, ka san na fi ka baki.

Sai na zo.
Amaryarka

Zuwa ga jikata,

Gaisuwa. Kada ki zo. Na ga waɗanda suka ajiye karatu da sunan shekara guda, yau jikoki gare su.

Na ba wani tela hayar ɗakinki, ya riga ya shigo da kekensa. Kayanki suna ƙarƙashin gadona. In kin zo ma ba wurin kwana, saboda haka ki je ki jera littattafansu.

Duk da kunnen nan nawa, ƙarar keken tana hana ni barcin rana. Amma dai motsin mutum ne.

Allah ya tsare.
Kakanki