Bindigar da Alhaji Ya Ƙi Gwadawa

Daren Laraba

Na kammala gyaran bindigar Alhaji Mumuni mai shago a East Greensboro. Ƙugiyar da ke zaro kwanson harsashi ce ta saki. Na auna ƙarfin riƙonta, na daidaita shi bisa ƙa'ida, aikin cikakken injiniya. Na jaddada masa wajabcin zuwa filin harbi ya gwada ta, domin ma'auni hasashe ne, harbi ne hujja.

Sai ya naɗe ta a tsumma ya ce, "Farfesa, ka cika turanci. Allah dai ya sa kada ranarta ta zo."

Na ce amin. Amma shi kaɗai ke tsaron shagon nan, kuma hannuna ne na ƙarshe a kanta. Gobe da asuba zan tare shi a ƙofar masallaci, da motata a kunne, mu wuce filin harbi.