Jikan Manomi Ya Shuka Surfaffen Gero

Assalamu alaikum Kawu Sale,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya ƙafar taka? Ya Inna Delu da yara, ya kuma damina? Mu nan unguwar Mahjar a ƙasa mai tsarki sai godiya.

Kawu, na jawo wa kaina magana. Dattijon Baturen da nake tuƙawa a unguwar Abhur ɗan wani ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Ayilan. Kullum a mota hirarsa ɗaya: kowace gona a ƙauyensu da sunanta, ya san wanda ya nome ta tun daga kakan kakansa, har saniyar da ta taɓa tsallaka shingen maƙwabta bai manta ba. Da ya tambaye ni tamu, sai na ce ai gonar geron kakana ba a ganin ƙarshenta. Halas, shi ke nan, washegari ya ba ni filin bayan gidansa, wai jinin noma ba ya ɓata!

Na sayi gero wurin Hajiya Ladi mai fura, na shuka, ina ban ruwa safe da yamma. Ko tsinke bai fito ba. Da na kai mata ƙorafi, sai da ta zauna don dariya: ashe surfaffe ta ba ni.

Don Allah ka aiko mini da iri ta hannun masu umra. Ka kuma gaya mini sunan gonar Kaka da inda take. Na tambayi Umma, ita ma ba ta sani ba, kuma kai kaɗai ka rage wanda ya taɓa taka ta.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ɗanka,
Usman