Ƙwari a Ƙasan Katangar Fulawata

Litinin, 3 ga Maris

Kamfanin fulawa sun raba kyauta yau. Ni littafin nan suka ba ni da biro. Auta kuwa, ƙanena da ya buɗe shago a tsallaken titi wata huɗu kacal da suka wuce, agogon bango suka ba shi. Ni da na shekara sha bakwai ina sauke musu kaya. Nace wa direban kamfanin ko idonsa ne ya fara lalacewa, yayi dariya yace ai manya su ke rubutu. To zan rubuta, ko da rubutun nawa ni kaɗai zan iya karanta shi. Agogon ma ba na so. Ƙararsa ta yi yawa, daga nan nake jin ta.

Laraba, 5 ga Maris

Bari in rubuta gaskiya tunda ba mai gani. A duk layin nan ba shagon da ya kai nawa kwarjini. Katangar fulawata kaɗai ta isa, buhu a kan buhu tun daga ƙasa har rufi, mutum ya shigo sai ya dafe hularsa kafin ya ga ƙarshenta. In sabon kaya ya zo a sama da gaba nake jerawa, daga nan nake sayarwa. Na ƙasa da na baya ba a taɓa su, su ne ginshiƙi. Ka zare ginshiƙi gini ya rushe, ko jariri ya san wannan.

Shi kuwa Auta buhu takwas gare shi. Takwas. Ya ɗora su a kan katako, ya janye su daga jikin bango kamar bangon na da ƙazwa, ya bi kowanne ya rubuta ranar da ya zo da alli. Shinkafa da wake duk a robobi masu murfi. Nace wa Tela maƙwabcina, wannan shago ne ko ɗakin haihuwa? Ya yi dariya har ya soki kansa da allura.

Amma mata can suke zuwa. Bansan me suke gani ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Mutum sha tara suka shiga wajensa kafin azahar. Ni bakwai, biyu ma inuwa suka zo sha. Ba wai ƙirgawa nake ba, kujerata ce ke kallon can.

Asabar, 8 ga Maris

Mai Burodi ya zo da kansa, bai aiko ba. Shekara sha ɗaya buhu shida yake ɗauka a wajena duk Asabar, shi ne ƙashin bayan shagon nan, kuma da shi nake cika baki: duk wanda ya ci burodi a unguwar nan fulawata ya ci. Ya zauna, ya ƙi shayi, ya zaro takarda a naɗe daga aljihu ya buɗe min a kan tebur. Wasu 'yan jajayen ƙwari ne, kamar ƙwayar riɗi, guda huɗu, ɗaya na tafiya.

Nace ai wannan nama ne na ƙara masa kyauta, ya kamata ya gode. Duk duniya an san in na saki irin wannan sai an riƙe ciki. Ko murmushi bai yi ba. Yace masu kwaɓinsa sun ɓata rabin safiya suna tankaɗe, kuma wata mata ta dawo masa da burodi ta nuna masa abu a ciki a gaban mutane.

"Ni da kai mun daɗe," yace. "Kar ka sa in tsallaka titi."

Da zai fita sai da ya ɗan tsaya yana kallon can. Na ga idonsa. Ai ni ba yaro ba ne.

Talata, 11 ga Maris

Na magance matsalar, kamar yadda na saba. Na sayo rariya mai ƙananan ido, na shimfiɗa leda a bayan shago, na tankaɗe buhu biyu tas na mayar na ɗinke. Ƙwari sun kai cikin cokali. Na fito fari fat har gashin ido, Tela yace ya zaci kakansa ne ya dawo.

Ina cikin kakkaɓe jiki sai ga Auta, ya zo gaisuwa kamar kullum, ya ɗan rusuna. Ya kalli rariyar, ya kalli katanga. Ya yi ta juya maganar a baki kafin ya fitar.

"Yaya, rariya ba ta tare ƙwai. Iyayen kake cirewa, 'ya'yan na nan ciki. Kuma ina jin daga ƙasa suke hawowa."

Nace masa ni na goya shi a kafaɗa, ni na share masa majina, ni na nuna masa yadda ake riƙe sikeli, yau shi zai karanta min fulawa? Yace Allah ya huci zuciyata, ya tafi. Wannan ladabin nasa shi ya fi komai ƙona min rai. Da zai yi rashin kunya sau ɗaya da na samu abin kamawa.

Alhamis, 13 ga Maris

Na aiki Tela ya sayo min fulawa kwano ɗaya a wajen Auta, nace kar ya ce ni ne. Na rufe ƙofa, na shimfiɗa farar takarda, na tankaɗe sau uku. Babu. A na ukun na ga wani baƙin abu, gabana ya faɗi don murna, ashe zare ne daga rigar Tela.

Ba mamaki yaron nan da dabara ya ba shi ta sama.

Asabar, 15 ga Maris

Mai Burodi ya ɗauki shida, har da biyun da na tankaɗe. Lafiya lau. Na raka motar da ido har kwana, na kuma yi gyaran murya yadda za a ji a tsallake.

Lahadi, 16 ga Maris

Wannan ba zan manta ba. Na shiga kicin neman ashana, na buɗe kabad, sai ga leda da fulawa, an rubuta kwanan wata a jiki. Rubutun Auta ne, na san yadda yake lanƙwasa bakwai ɗinsa. A gidana. A gidan mutumin da fulawarsa ta taɓa rufi.

Na kira uwar yara. Ko gezau. Tace wata biyu kenan can take saya, tun ranar da ta buɗe tawa ta ga tsutsa, ta yi shiru ne don ta san halina. Nace wane hali? Tace wannan da nake yi yanzu. Nace to duk abin da na ci a wata biyun nan ina yabawa, na janye yabon. Ta yi dariya har da zama.

Na tambaye ta ko shi ma Auta ya sani. Tace shi ke auna mata da hannunsa, kuma ya roƙe ta kar ta faɗa min. Wato su biyu suna tausayina a ɓoye. Ban ci abincin rana ba. Na ci na yamma, amma ban yaba ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na ɗauki maganin sauro na fesawa zan tafi da shi shago. Uwar yara ta tare ƙofa ta karɓe. Tace abincin mutane ne, har da jarirai, in na fesa ita da kanta za ta tsaya a bakin titi ta faɗa. Na bar mata. Dama gwangwanin ya kusa ƙarewa.

Alhamis, 20 ga Maris

Mai Burodi ya dawo min da buhu biyu. Waɗanda na tankaɗe. An farke bakin ɗaya, ciki ƙananan tsutsa farare, ga wani wari kamar tsohon tsumma. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa aka jingine su a bakin ƙofata, ya gaishe ni da mutunci, motar ta juya ta tsaya a ƙofar Auta.

Ina zaune ina kallo aka loda. Auta bai ɗago ya kalli nan ba ko sau ɗaya. Na ɗauki jarida na riƙe, sai daga baya Tela yace a kife take.

Da yamma Tela ya kawo min sauran labarin. Wai Auta ya ce wa Mai Burodi shi ba ya son ya karɓe wa yayansa ciniki, a ƙara min dama. Wai sun tsaya a kan Asabar ɗin ƙarshen wata, zai zo ya ɗauki buhu ɗaya na gwaji, in ta fita tas ya dawo wajena. Tela na faɗa yana jiran in ji daɗi. Ni abin da ya tsaya min a wuya, yau ni ake roƙa wa alfarma, kuma Auta ke roƙon. Cinikin ya tafi wajensa, halin kirkin ma ya haɗa ya kwashe. Me ya bar min?

Jumma'a, 21 ga Maris

Na sa kunne a jikin buhun ƙasa. Ba zan rubuta abin da na ji ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Na rushe katanga. Ni na yanke shawara, ba wanda ya sa ni, dama na daɗe ina son in ga launin bangon.

Na zaɓi yau don layin ba mutane. Ni da Tela muka fara daga sama. Layi uku na farko ba laifi. Daga na huɗu wari ya fara. Da muka kai ƙasa Tela ya ɗaure hanci da ƙyallen wani mai ɗinki. Buhunan ƙasa tsohon tambarin kamfani ne a jikinsu, wanda suka canza tun shekara biyu. Na farke ɗaya, fulawar ta koma ruwan toka, ta dunƙule, kuma motsi take. Ƙasa kuwa jajayen ƙwari ne shimfiɗe kamar an zubar da barkono. Sun bi ta bayan kanta sun shiga kwalayen taliya, sun shiga buhun shinkafa. Shekara biyu ina kiwo ban sani ba. Nace wa Tela ashe ni ne babban makiyayi a layin nan. Wannan karon ni ma ban yi dariya ba.

Muna cikin haka ƙofa ta buɗe. Auta. Ya tuɓe riga ya rataye, ya sunkuya ya ɗauki buhu. Nace wa ya kira shi? Yace ba kowa, ƙura ya gani. Nace to ya riƙe ta ƙasa, ba haka ake ɗauka ba. Yace to Yaya. Ya ci gaba da ɗauka yadda yake ɗauka.

Talatin da ɗaya muka fitar. Wani mai kiwon kaji ya kwashi masu dama-dama, sauran aka haƙa rami a bayan gari aka binne. A bayan katangar na tsinci rediyona da na zargi mutum uku da sacewa.

Da muka gama muka zauna a ƙasa muna shan ruwa. Auta yace tun yana wajena yake son faɗa min, ya kasa. Nace da ya faɗa da na ji. Shi da Tela suka kalli juna. Na ga wannan kallon, na dai bar shi.

Laraba, 26 ga Maris

An share, an wanke, an toshe tsagar bango da siminti. Shagon sai amsa kuwwa yake, in na yi tari sai ya mayar min. Buhu tara na bari, na can sama, sababbi. Wata tsohuwa ta leƙo tace ko tashi nake. Nace a'a, sabon salo ne, daga waje aka kawo.

Sha huɗu wajensa yau. Ni shida.

Asabar, 29 ga Maris

Ranar gwaji. Tun da safe na zaɓi wanda ya fi kyau a cikin taran, na jawo shi bakin ƙofa wajen haske, na farke ɗinkin. Fara sol, ba wari. Na zura hannu har gwiwa na juya. Na ɗebo na baza a tafin hannu.

Guda ɗaya. Ɗan ƙarami, yana tafiyarsa a hankali kamar shagon ubansa ne.

Ba wanda ya gani. Tela na can yana faɗa da wani mai wando. Rariya na rataye a ƙusa, minti ashirin ya ishe ni in tankaɗe in ɗinke, kuma ɗinkina ko kamfani ba za su gane ba. Na daɗe a tsaye da abin a hannuna.

Mai Burodi ya iso, ya ce ina buhun. Nace fulawata ba ta shirya ba, ya je wajen ƙanena. Ya kalle ni, ya kalli buhun da ke buɗe, yace ko na san me nake faɗa. Nace na sani, shidan duka ya ɗauka a can. Yace to, ranar da ta shirya in aika masa. Bansan ko da gaske yake ba ko kunya ce. Wata ɗaya, wata uku, mutum in ya saba da wuri ya saba.

Ba wani abu ba ne, kar in zo ina karantawa nan gaba in ɗauka na zama waliyyi. Bayana ke ciwo tun ranar Lahadi, ba zan iya sunkuyon tankaɗe ba, shi kenan dalili.

Na tsallaka na taya su lodi. Huɗu na ɗauka, Auta biyu. In ban je ba a karkace za su jera, su ja wa gidanmu magana.