Na Rufa Masa Asirin Hannunsa, Shi Ya Ɗora Min Laifin

Assalamu alaikum 'yan guruf. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ya rage in tsaya gaban kwamiti, har yanzu ban san me zan faɗa ba.

Ni ɗan Kontagora ne, kocin besbol nake a wata sakandare, wasan nan da mutum ɗaya ke jefa ƙaramar ƙwallo wani ya doke ta da sanda. Na san wasu za su yi dariya, mun saba, amma a jiharmu ana yin sa. A kwaleji na fara, ni ne mai cafewa, wanda ke tsugunawa bayan mai sanda da safar hannu yana karɓar jifa. A nan na haɗu da wanda zan kira Danlami, ba sunansa ba ne. Daga Dukku ya zo, shi Kirista ni Musulmi, wannan bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Na gan shi ya kaɗo mangwaro da dutse daga nesan da ko da gwafa ba zan iya ba, na ce masa gobe ka zo fili. Korar tsuntsaye a gonar dawa ce ta koya masa jifa, sauran ni na koya masa.

Shekara huɗu ina tsugune gabansa, yatsuna biyu na hagu har yau a karkace suke saboda ƙwallonsa. A wasanmu mai cafewa ne ke zaɓar irin jifan da za a yi, da yatsu yake nunawa, ɗaya na nufin miƙaƙƙe mai ƙarfi, biyu mai lanƙwasa. Danlami bai taɓa girgiza min kai ba, abin da na nuna shi yake jefowa. “Yaya” yake kirana.

Bayan mun gama aka riƙe ni mataimakin koci kafin in koma sakandaren, shi ya ci gaba da wasa. Saura wata uku mutanen wani kulob na ƙasar waje su zo gwada 'yan wasa, gwiwar hannunsa ta kumbura. Na ce mu je asibiti, ya ƙi, wai in aka rubuta a kati magana za ta fita. Ya matsa sai na kai shi wajen wani mai ɗori a Sahon Rami, na goya shi a mashin muka je. Tsohon ya lallatsa ya ce ba ƙashi ba ne, jijiya ce, kuma ba aikinsa ba ne, yaro ya huta damina guda. A satin nan Danlami ya yi ta turo min saƙon murya yana kuka, kar in faɗa wa kowa, wannan ce damarsa ɗaya a duniya.

Ga nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Ni na sa hannu a takardar da ta ce lafiyarsa ƙalau. Ranar gwaji kuma ni na cafe masa, tun daga farko har ƙarshe yatsa ɗaya nake nunawa, don mai lanƙwasan ne ke murɗa gwiwar. Suka ga ƙarfin jifa suka ɗauke shi. Ranar da ya sa hannu a kwantiragi na fi shi murna, kaka biyu ina nuna wa ɗalibaina wasansa a waya kamar ni na haife shi.

To ramin ƙarya ƙurarre ne. Bana jijiyar ta tsinke, likitocinsu suka duba suka ce tsohon ciwo ne. A ƙa'idarsu in ɗan wasa ne ya ɓoye, za a soke kwantiragi kuma ba ruwansu da tiyata. Sai Danlami ya rubuta musu cewa ya kai min ƙorafi tun a lokacin, ni na hana shi zuwa asibiti, na kai shi wajen mai ɗori, na ce masa ba komai ba ne. Kulob ya rubuto wa masu kula da wasanni a nan, suka kafa kwamitin bincike, takarda ta iso makarantarmu, aka dakatar da ni. Iyaye sun fara cire 'ya'yansu daga fili, ana cewa ni mai kashe hannun yara ne.

Na kira shi. Bai musa ba, ko kunya bai nuna ba. Cewa ya yi, “Yaya, kai kana gida, ko me ya faru ba za ka rasa tuwo ba. Ni in suka sallame ni ba tiyata, hannun nan ko fartanya ba zai riƙe ba.” Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta nan ba, ya kashe waya. Abin da ya fi ƙona min rai, bai tambaye ni ba. Da ya kira ya ce Yaya ɗaukar min wannan, wallahi wataƙila da na ɗauka. A takarda mai tambari na ji.

Saƙonnin nan duk suna wayata, da muryarsa yana roƙona in rufe. Matata ta ce in kunna wa kwamiti, wanda bai ji tausayinka ba ba ka da hurumin jin nasa. In na kunna za su ga ba ni na tilasta shi ba, ko an hukunta ni kan sa hannu sunana zai wanku. Amma za su tura wa kulob, shi kuma ya dawo Dukku da mataccen hannu. In na yi shiru aikin da na sani kaɗai ya tafi, ba wanda zai sake ba ni ɗansa.

Jiya mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye da wake da kaza kamar yadda take yi duk kaka, ba ta san komai ba. Ta ce, “Ɗana, an ce za a yi wa ƙanenka aiki a hannu, ka sa shi a addu'arku ta masallaci.” Na ce to Mama. Kazar tana ɗaure a tsakar gida, na kasa cewa a yanka.

Ranar Litinin ƙarfe goma zan shiga. Jama'a, in ku ne, za ku danna saƙon, ko za ku bar wayar a aljihu?